Ido da Yatsa: Tsarin Kai da Wuya da Yadda Ake Duba Su a Ƙasar Mahuta

Babu wani yanki na jikin ɗan Adam da ya tara muhimman sassa a ƙuntataccen wuri kamar abin da yake tsakanin tsakar kai da gindin wuya, domin a nan ƙwaƙwalwa take, a nan gani da ji da sansana da ɗanɗano suke, kuma ta nan iska da abinci da jinin da yake ciyar da ƙwaƙwalwa suke wucewa kafaɗa da kafaɗa. Amma kuma babu yankin da ya fi shi bayyana, saboda yawancin abin da yake cikinsa ido yana iya gani ko yatsa yana iya taɓawa. Wannan ne ya sa ma'aikacin lafiya da yake aiki a gari irin Mahuta, a Ƙaramar Hukumar Kafur, inda na'urar ɗaukar hoton cikin kai take can nesa a manyan birane, ba mai hannu-rabbana ba ne kamar yadda shi kansa yakan ɗauka. Da tocila da ɗan katakon danne harshe da kofin ruwa da hannu biyu masu tsabta, zai iya yanke hukuncin da ya fi kowane muhimmanci a aikinsa, wato ya bambance wanda za a ba magani ya koma gida, da wanda za a tura babban asibitin Malumfashi ko na Funtua, da wanda ba zai kwana ba sai an kama hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Sharaɗin kawai shi ne ya san abin da yake ƙarƙashin fatar da yake taɓawa.

Ƙoƙon kai ƙasusuwa 22 ne, takwas sun yi wa ƙwaƙwalwa rumfa, 14 kuma sun gina fuska, kuma a cikinsu duka muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai yake motsi. A jariri ƙasusuwan rumfar ba su gama haɗewa ba, shi ya sa ake samun maɗiga, wato wuri mai laushi a gaban tsakar kai wanda ake ganin yana harbawa, wanda kuma yakan rufe tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wani lokaci ya kai biyu. Ana duba maɗiga ne yaro yana zaune ba ya kuka, domin kuka da kwanciya suna tasar da ita ko lafiya lau take. Idan ta lotsa a yaro mai gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma abin da yake bukata ruwan gishiri da sukari ne ko ƙarin ruwa ta jijiya. Haɗin da iyaye mata sukan kwaɓa su shafa a kanta ba ya mayar da ɗigo ɗaya na abin da ya zube. Idan kuwa ta kumbura ta yi tauri a yaro mai zazzaɓi, to matsi ya ƙaru a cikin ƙoƙon, kuma wannan yaro ba na jira ba ne.

Fatar kai tana da yawan jijiyoyin jini, kuma an ɗaure su cikin nama mai tauri da ba ya barin su tsuke idan sun yanke, don haka ƙaramin rauni yakan jiƙe riga da jini ya tada hankalin jama'a, alhali dannewa da ƙyalle mai tsabta takan tsayar da shi. Haɗarin da ya fi wannan ba ya yin jini a waje. A gefen kai, tsakanin wutsiyar ido da kunne, ƙashin ya fi siranta, kuma wata jijiyar jini tana kwance a bayansa. Ɗan acaɓan da ya faɗi da buhun masara a kan hanyar kasuwa, ya bugi wannan wuri, yakan suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya yi magana daidai har ya nemi a tayar masa da babur, sa'an nan bayan 'yan sa'o'i ya fara barci mai nauyi, ya yi amai, baƙin idonsa ɗaya ya buɗe fiye da ɗayan, saboda jini yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Wannan farfaɗowa ta tsakiya ita take yaudarar dangi da ma'aikaci. A 1974 wasu likitoci biyu a Gilasgo ta ƙasar Sukotlan, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin da ake auna zurfin suma da shi ta hanyar buɗe ido da magana da motsi, wanda a yau makinsa yake farawa daga 3 ya tsaya a 15, kuma amfaninsa yana cikin maimaitawa, domin saukar maki daga awa zuwa awa ita ce labarin. Haka nan duk wanda ya bugu a kai ana ɗaukarsa a matsayin mai karaya a wuya har sai an tabbatar da akasin haka, tunda ƙasusuwan wuya bakwai ne kawai suke kare laka, kuma ɗaukar da ake yi wa mai haɗari, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa kai yana reto, ta isa ta mayar da mai karaya shanyayye.

Tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa akwai tantani hawa uku, waɗanda suka lulluɓe ƙwaƙwalwa suka gangara tare da laka har gadon baya, kuma kumburinsu shi ne sanƙarau. Da yake tantanin a haɗe yake daga kai zuwa baya, duk motsin da zai ja shi yana jawo zafi, shi ya sa tsokokin ƙeya suke ƙanƙamewa su hana. Ana kwantar da mara lafiya rigingine ba matashi, mai dubawa ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙeya ya ɗaga kan a hankali yana neman haɓa ta taɓa ƙirji. A mai lafiya kan yakan biyo hannu ba gardama, a mai sanƙarau kuwa wuya yakan ƙi lanƙwasa har kafaɗu su taso tare da kai, wani lokaci gwiwoyi su naɗe da kansu, alamar da likitan yara ɗan ƙasar Folan, Brudzinski, ya bayyana a 1909. Sai dai jarirai da tsofaffi da wanda ya yi nisa cikin suma suna iya ɗauke da cutar wuyansu yana laushi, saboda haka rashin sanƙarewa ba ya wanke mai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da gudun haske, kuma tabbaci yana cikin ruwan laka da ake ɗiba ta gadon baya a asibiti.

A wannan fage ƙasar Malumfashi tana da suna a littattafan likitanci na duniya, ko da yake ba kowane ɗan yankin ya san haka ba. Cikin shekarun 1970 an gudanar da wani shiri na binciken cututtukan da suka zauna wa yankin, tare da Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Ingila, kuma Brian Greenwood, wanda ya shafe waɗannan shekaru goma yana aiki a Zariya, yana cikin waɗanda suka bi diddigin ƙwayar sanƙarau ta hanyar shafo bayan maƙogwaron mutane masu lafiya a lokuta daban-daban na shekara. Abin da ya fito shi ne mutane da dama suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ta yi musu komai ba, rani da damina, amma cutar kanta ba ta tashi sai iska ta bushe. Daga nan aka ƙarfafa ra'ayin cewa ƙurar hunturu da bushewar bazara suna raunana tantanin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayar ƙofar shiga jini, abin da ya dace da abin da kowane manomi ya sani, cewa sanƙarau yana ƙamari ne daga tsakiyar rani zuwa zafin Maris da Afrilu, ya lafa da saukar ruwan farko. Annobar 1996 ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000, ta 2017 kuma, wadda wani nau'in ƙwayar daban ya haddasa, ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da take kare nau'i biyar a allura ɗaya. Duk da haka rigakafi ba ta ɗauke wa ma'aikaci ɗaga kan mai zazzaɓi a watan Maris ba.

Jijiyoyin saƙo 12 ne suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, kuma ana iya gwada yawancinsu cikin minti biyu: a haska ido a ga baƙinsa ya tsuke, a sa mara lafiya ya bi yatsa da ido, ya cije haƙora, ya ɗaga gira, ya rintse, ya washe baki, ya ce "aa", ya ɗaga kafaɗu, ya zaro harshe. Wadda ta fi kawo mutane ita ce ta bakwai, mai motsa fuska, domin idan ta shanye baki yakan karkace, kuma a ƙauye sau da yawa ana jingina wannan ga iska ko marin aljani. Goshi ne yake raba gardama. Idan rabin fuskar duka ya mutu, goshi ba ya tattarewa ido ba ya rufuwa, to cutar tana kan jijiyar ce bayan ta bar ƙwaƙwalwa, mafi yawan irin wannan suna warkewa, kuma abin da za a kiyaye shi ne idon da ba ya rufuwa kada ya bushe, a kuma leƙa kunne ko yana zubar da mugunya. Idan kuwa baki ya karkace amma goshi yana tattarewa ta ɓangaren biyu, to matsalar a cikin ƙwaƙwalwa take, watau shanyewar ɓarin jiki ce, sai a gwada ƙarfin hannu da ƙafa, a auna hawan jini, a nemi mota.

Wuya shi ne inda sanin wuri ya fi biya. Wata doguwar tsoka tana tasowa daga bayan kunne ta sauko a karkace zuwa saman ƙashin ƙirji, tana fitowa fili idan mutum ya waiwaya, kuma ita ta raba kowane gefen wuya gida biyu, na gaba da na baya. A tsakiya maƙogwaro yake, bututun abinci yana bayansa, babbar jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa kuma tana ƙarƙashin gefen tsokar, inda ake jin bugunta, kuma ba a danna ta dama da ta hagu lokaci guda domin mutum yana iya suma. Ƙa'idar dubawa ita ce a zaunar da mara lafiya a inda haske yake, a buɗe wuyan tun daga kunne har ƙasusuwan da suka gitta saman ƙirji, a kalla daga gaba, sa'an nan mai dubawa ya zagaya baya ya taɓa da yatsun hannu biyu, kan mara lafiya yana ɗan sunkuye domin tsokoki su saki. A nan ne al'ada take shigowa, kuma yin kamar ba ta nan ba wayewa ba ce. Hijabi da mayafi da rawani da babbar riga duk wuya suke rufewa, kuma mace tana iya zuwa awo sau huɗu da ƙullutu a wuyanta ba wanda ya gani, saboda ba wanda ya ce ta ɗage. Maganin wannan shi ne labule da ma'aikaciya mace ko 'yar rakiya, da neman izini da lafazin da ya dace, "Hajiya, a ɗan ɗage hijabin a ga wuya," ko "Baba, a sassauta rawani kaɗan." Wanda ya duba wuya ta saman tufa bai duba ba.

A gaban maƙogwaro, ƙasa da guringuntsin da ya turo a wuyan maza, akwai wani nama mai fiffike biyu da likitoci suke kira tayirod, wanda yake sarrafa saurin aikin jiki, kuma kumburinsa shi ne maƙoƙo. Da yake a ɗaure yake da maƙogwaro, duk lokacin da mutum ya haɗiye sai ya hau ya sauko, kuma wannan ne amfanin kofin ruwa: a ce mara lafiya ya guntsa ya riƙe, sa'an nan ya haɗiye ana kallo. Kumburin da ya hau da haɗiya na tayirod ne, wanda ya tsaya cik kuwa wani abu ne daban. Babban sanadin maƙoƙo a ƙasashen da suke nesa da teku shi ne ƙarancin sinadarin aidin a ƙasa da abinci, wanda baligi yake bukatar maikirogiram 150 nasa a rana, mai ciki kuma 250, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi da shi take ginuwa. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya, kuma maƙoƙo ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin kakanni, amma aidin yana gudu daga gishirin da aka zube a faranti cikin rana da laima a kasuwa, gishirin dabbobi kuma ba a yi shi don tukunya ba. Maƙoƙo mai laushi da ya daɗe bai canza ba yana iya jiran ranar asibiti. Wanda ya zo da rama duk da yawan ci, da faɗuwar gaba, da rawar hannu da firfitowar ido, yana nuna naman yana aiki fiye da kima. Wanda kuwa ya yi tauri, ko yake girma da sauri, ko ya dushe murya, ko ya hana numfashi a kwance, na likitan fiɗa ne, kuma tsaga da ƙaho ba sa rage shi sai dai su bar tabon da zai wahalar da mai aikin.

Kaluluwa ƙananan matatu ne da suke tare ƙwayoyin cuta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na duk waɗanda suke jiki a kai da wuya suke, jere a ƙarƙashin haɓa da muƙamuƙi, gaba da bayan kunne, ƙeya, da tsawon doguwar tsokar nan. Kowane rukuni yana tace wani yanki, saboda haka kaluluwar da ta tashi manuniya ce, aikin mai dubawa kuma shi ne ya bi ta zuwa tushe: ta ƙeya ta sa a duba fatar kai ko akwai makero ko ƙuraje, ta ƙarƙashin muƙamuƙi ta sa a buɗe baki. Mai zafi da laushi da ta fito cikin kwanaki yawanci ƙwayar cuta ce mai wucewa. Waɗanda suka manne da juna ba zafi, suka yi makonni, wataƙila ɗaya ta fashe tana tsiyaya, tare da rama da gumin dare, sun fi kama da tarin fuka ko da babu tari, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai tauri kamar dutse da ba ta motsi a wuyan dattijo, musamman mai shan taba ko mai dusasshiyar murya fiye da mako uku, ana ɗaukarta ciwon daji har sai gwaji ya ce a'a, haka ma wadda ta fito a ramin saman ƙashin da ya gitta saman ƙirji ta hagu, wadda takan zo daga ciwon da yake can cikin ciki. A yara akwai kumburi biyu da bai kamata a gauraya su ba: hangum, wanda yake kama matattarar yawu da ke gaban kunne ya tura fatar kunne sama ya tafi da kansa, da kuma dajin muƙamuƙi da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai girma cikin kwanaki yana girgiza haƙora, wanda duk da saurinsa yana cikin masu jin magani idan an kai da wuri.

Ba a gama duba wuya ba sai an buɗe baki, kuma a ƙasar Hausa likita ba shi ne na farko da yake leƙa maƙogwaro ba, wanzami ya riga shi. Beli ɗan nama ne da yake reto a ƙarshen ganɗa, yana taimakawa wajen toshe hanyar hanci lokacin haɗiya, kuma kowane mai lafiya yana da shi. Cire shi a makon haihuwa, ko daga baya idan yaro ya ƙi nono ko babba ya yi fama da ciwon maƙogwaro, ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da yake iya biyo baya kuwa sananne ne a ɗakunan yara na asibitocin Arewa: zubar jini a jaririn da jininsa duka bai kai kofin shayi biyu ba, shaƙar jinin zuwa huhu, da tetanas mai sarƙe haƙora daga ƙarfen da ba a dafa ba. Amma zagin wanzamai daga kan mumbari bai taɓa rage layinsu ba, domin suna kusa, suna da arha, kuma gidan ya san su tun kakanni. Abin da ya fi amfani shi ne a nuna musu maƙogwaron da ba a taɓawa ko kusa, wato na mai mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta dawo da ƙarfi a Arewa, Kano ce cibiyarta kuma Katsina ba ta tsira ba, alamarta kuwa wani tantani ne mai ruwan toka da yake manne a bayan maƙogwaro, wanda yake jini idan an kankare shi, tare da kumburin da yake cike wuya har haɓa ta ɓace. Yaro mai wannan yana bukatar keɓewa da allurar karya dafi a asibiti, 'yan gidansu kuma a duba katinsu na rigakafi, wadda ake yi a mako 6 da 10 da 14.

Kafin a cire katakon daga baki sai a ɗaga leɓe a dubi dasashi, musamman a yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Gyambo a dasashi da warin baki mai tsanani da kumburin kunci su ne farkon cutar noma, wadda cikin kwanaki take cinye kunci da leɓe har ƙashi, kuma take kashe kusan tara cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba, alhali a wannan mataki na farko maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Asibitin da aka kafa dominta a Sakkwato a 1999 yana gyara fuskokin waɗanda suka tsira, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Kunne kuma yana haɗe da bayan hanci ta wani ɗan bututu wanda a yara gajere ne kuma a kwance yake, shi ya sa mura take zama ciwon kunne a wurinsu. Kunnen da ya wuce mako biyu yana zuba, ko kumburi mai zafi a bayansa da ya turo shi gaba, yana bukatar masana irin na Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, saboda siririn ƙashi ne kawai tsakaninsa da tantanin ƙwaƙwalwa.

Saura takardar turawa, wadda sau da yawa ba ta ɗauke da komai sai "kumburin wuya" da sa hannu. A yankin noma mara lafiyar da aka tura a watan Agusta yana iya ƙin tafiya sai an yi girbi an sayar da masara ko waken soya, don haka likitan da zai gan shi a Shika ko Katsina ko Kano yana bukatar ya san yadda abin yake tun ranar farko. A zana wuya a takardar a sa alama a inda ƙullutun yake, a rubuta faɗinsa da santimita bayan an auna da tef, a faɗi ko yana da tauri ko laushi, ko yana motsi, ko yana hawa da haɗiya, ko murya ta canza, a sa kwanan wata, a kuma ajiye kwafi a rajistar asibitin domin a sake aunawa idan ya dawo bai je ba.